Ranar da Aka Kai Ƙarar Kamfanin da Ya Rufe Mini Kasuwa

A Mahjar, wata unguwa a ƙasa mai tsarki, aka haife ni, kuma a nan na koyi aikin kwamfuta a shagon gyaran waya. Ban yi jami'a ba, takarduna ba su kai ni can ba. Amma na iya rubuta manhaja, irin wadda ake saukewa a waya, har na yi shekara biyu ina gina tawa ta kaina.

Yayata ce sanadi. Turaren wuta da humra take haɗawa a gida, kuma matan unguwarmu da yawa haka suke, wata waina, wata ɗinki, wata lalle. Yawancinsu ba sa karanta Larabci, bokon ma sai da ƙyar. Sai na yi musu manhajar da ba ta buƙatar rubutu. Mace ta ɗauki hoton kayanta, ta danna, ta yi bayani da Hausa, mai saye ya ji muryarta ya amsa. Daga Mahjar abin ya kai unguwar Kurayyat, har 'yan unguwar Ruwais suka shigo. In na bi layi, tsofaffin mata sukan tsayar da ni su sa mini albarka.

Sai dai manhaja ba ta shiga wayar mutane sai ta rumbun manhajoji na wani babban kamfani na ƙasar waje. Wata safiya saƙonsu ya zo, wai an canja ƙa'ida, duk mai manhajar ciniki sai ya kawo takardar rajistar kamfani da sunansa. Ni kuwa iƙamata, wato takardar izinin zamana, a ƙarƙashin kafili take, ɗan ƙasar da ya tsaya mini, sana'ar da aka rubuta mini lebura. Ba ni da ikon yi wa komai rajista. Na yi ta rubuta musu ina bayani, amsa iri ɗaya ke dawowa, daga gani babu mutum a bayanta. Bayan wata biyu suka cire manhajar. Shekara ba ta zagayo ba suka ƙara sashen saye da sayarwa a cikin tasu manhajar, har da saƙon murya. Ba na cewa a wurina suka gani. Ba su ma san ina duniya ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai.

Na koma gyaran waya a wani shago a Ruwais. Ina can na ga labarin cewa gwamnatin wata ƙasa ta kai kamfanin kotu, tana zarginsa da mamaye kasuwa da danne ƙanana. Na karanta har sau uku. Rabon da in ji daɗi irin haka tun kafin a cire manhajar.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, muka taru cin abinci a gidan kawuna a Kurayyat. Ƙanen mahaifiyarmu ne, ya zo umra tun yana saurayi bai koma ba, ya yi dako har bayansa ya ƙi. Na ba su labarin ina murna.

Kawu ya ajiye cokali. "To, me suka yi wa gwamnatin?"

"Sun hana kowa tasowa, Kawu. Abin da suka yi mini ke nan."

"Hassada ce kawai," in ji shi. "Mutane sun yi aiki sun samu, an ga ƙoshi ana so a ƙwace. Kai yaro ne. Lokacin da na zo garin nan, kaset muke ɗauka mu ba alhazai su kai gida, mu jira shekara kafin amsa. Yau ina zaune ina ganin fuskar 'yata a Maraɗi ta manhajarsu, ba wanda ya tambaye ni iƙama. Wace gwamnati ta taɓa yi mini haka? Ni in na ga motar hukuma lungu nake nema."

Na juya wurin Yaya, ina sa ran ita za ta tsaya mini. Ta ci gaba da zuba miya, ba ta dube ni ba.

"Yaya, ba ki ce komai ba."

"Me zan ce? Taka ta fi daɗi, Allah ya sani. Amma yanzu duk masu sayen turarena ta cikin tasu suke zuwa. In kotu ta wargaza su, ina zan kai kayana? Kai za ka saya? Halas, ya isa haka, ka daina yi musu fatan sharri, abincina na ciki."

Mijinta ya yi dariya ya ce manya ne ke faɗa a kan wanda zai ci mu, mu namu kallo. Aka koma hirar tsadar haya.

Ban ƙarasa abincin ba. Na fita na tsaya a ƙofa cikin zafin rana, ina jin haushinsu, ina kuma neman inda suka yi ƙarya na rasa. Waɗanda na yi shekara biyu ina yi wa aiki sun zaɓi wanda ya kore ni, kuma da dalilinsu. Gwamnatin da nake yi wa tafi kuwa don 'yan ƙasarta take shari'a. Ni ba ɗan ƙasarta ba ne, ba ɗan ƙasar da aka haife ni ba ne, wadda ke jikin fasfona kuma sau ɗaya na taɓa taka ta. Ko shaida ba wanda zai kira ni.

Duk da haka na ci gaba da bin labarin shari'ar wata da watanni, ni kaɗai, ba na gaya wa kowa. Lauyoyi suka yi ta ja, ana ɗagawa ana dawowa. Daga baya na ji an sassauta wasu ƙa'idoji ga masu manhaja na can ƙasar. Na shiga na duba ko ya shafe ni. Shafin farko ya tambaye ni lambar rajistar kamfani. Na rufe, kuma tun daga ranar ban sake neman labarin ba.

Har yanzu ina shagon Ruwais. Mafi yawan aikina canja gilashi ne, da sabunta wa dattawa manhajar kamfanin nan in ta tsaya musu. Matan da suka yi ciniki a tawa suna cikin masu kawo wayoyinsu. Sukan ce in yi sauri, masu saye na jira, ni kuma in yi musu.