Naman da Auta Ke Kawowa

A bayan garejin gyaran motoci akwai wata rumfar kwano mai bencina da murhu biyu, ta matar da kanikawa ke kira Mai Murhu. Tun tana iya ɗaukar buhun gawayi ita kaɗai take wurin, har furfura ta fito mata. Shinkafa da miya take dafawa, amma naman da take gasawa a kan waya shi ya yi mata suna. Kanikawa ba sa iya jira. Da hannu duk baƙin mai za su tsaya a kanta suna cewa, "Mama, sauke haka, kar ki busar mana da shi." Sai ta sauke, cikinsa da sauran ja, tana yi musu tsiya cewa wata rana saniyar za ta yi musu kuka a ciki.

Ba ta taɓa zuwa mahauta ba. Me zai kai ta, alhali ƙanenta mahauci ne? Auta take ce masa har ya tara gemu. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, ita ta goye shi, da ta yi aure ta tafi da shi gidan miji. Ita ta kai shi wurin wani tsohon mahauci ya koyi sana'a, ita ta tsaya masa har ya yi iyali. Kowace safiya yakan iso a babur da baho cike da nama, ya sauke ya ce, "Yaya, na zaɓo miki mai kyau." Ita kuwa sai dai ta sa masa albarka ta ɗauki wuƙa.

Mai walda ne ya fara zuwa mata da maganar. Ya jira aka watse, ya matso yana sosa ƙeya.

"Mama, ki gafarce ni, ba zancen wurin abinci ba ne. Wasu abubuwa nake gani idan na zaga, farare, masu faɗi kamar guntun tef. Kuma motsi suke yi."

Ta ce ya je asibiti. Sai dai ta tuna maigidanta ya jima yana ramewa duk da cin da yake yi, ita ma ta ga irin abin a jikinta, kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Kafin mako ya zagayo mai fenti ya bi sahu, haka ma wasu direbobi.

Ma'aikaciyar asibiti ta ce musu tsila ce, wata doguwar tsutsa da ke zama cikin hanji. Saniya ke kwasarta idan ta yi kiwo inda mutane ke bahaya, ta ɓuya a cikin tsoka, mutum kuma ya ci naman da bai gasu ba ya ɗauka. Aka ba su magani. Da aka ga duk daga gareji ɗaya suke, sai aka turo duba-gari.

Duba-garin dattijo ne mai sanyin magana. Ya ɗauki cinya daga bahon, ya juya ta yana neman hatimin da likitan dabbobi ke bugawa bayan ya duba nama, bai gani ba. Ya tsaga tsokar, ya nuna mata wasu ƙwayoyi farare kamar shinkafa kwance a tsakanin jijiyoyi.

"Wa ke kawo miki, Mama?"

Ta ce ƙanenta ne, kuma lallai shi ma cutarsa aka yi, bari ta kira shi. Auta ya zo, ya dubi naman, ya dubi rigar duba-gari, sannan ya kawar da kai daga yayarsa.

"Ranka ya daɗe, ni na daɗe da daina kawo mata. Wurin 'yan talla take saye saboda araha. Na sha yi mata magana."

Kanikawa suka yi caa, suna cewa ƙarya yake, ko yau sun ga babur ɗinsa.  Mai Murhu ta zauna a kan buhun gawayi tana kallon ƙeyar Auta, har duba-gari ya kwashe naman, ya ce a kashe murhu sai an gama bincike.

Washegari da la'asar matar Auta ta zo gida, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ƙi shiga.

"Yaya, ni dai na gaji da riƙe wannan abin. Shanun da likita ya ƙi, su maigidana yake saye, ya yanka a wani kango. Inda ya fi kyan gani ya kai teburinsa, sauran ya kawo miki, wai ke ba kya dubawa."

"Ya san da cuta a ciki?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Mu ba ma cinsa a gida. Yara ma ya gargaɗe su, idan sun zo wurinki su ci shinkafa kawai, kada su taɓa nama."

Nan ne Mai Murhu ta tuna. Sau nawa ta miƙa wa yaran nan tsoka mai zafi suka noƙe kafaɗa, ita kuma ta yi ta yabon tarbiyyarsu a gaban mutane, tana cewa 'ya'yan Auta ba su da kwaɗayi! Ta tashi ta shiga ɗaki. Maigidanta ne ya sallami baƙuwar.

An hana Auta teburinsa na wani lokaci. Ita kuma aka bar ta ta sake hura wuta, amma rabin masu cin abincinta sun koma wani wuri, wasu marasa kunya ma suka sauya mata suna zuwa Mai Tsila. Ta fara zuwa mahauta da ƙafarta, duk da ciwon gwiwa, tana juya cinya ta nemi hatimi, tana sa a tsaga mata tsoka a gabanta. Duk wanda ya ce ta sauke nama da wuri, sai ta nuna masa hanya.

Auta ya turo dattawa, ta ba su ruwa suka sha suka tafi. Daga baya ya zo da kansa, ya tsaya a bakin rumfa yana murza makullin babur.

"Yaya, abin ya wuce haka nan. Ai ba wanda ya mutu. Magani kawai aka sha aka warke."

Ta ci gaba da fifita gawayi.

"Ka hana 'ya'yanka ci," ta ce. "Ni da na goye ka, ka bar ni na ci, na ba mijina, na ba mutanen da suka yarda da ni."

 Mai walda da ke zaune a benci ya ja farantinsa ya juya masa baya. Auta ya daɗe a tsaye, hayaƙi na shiga masa ido, sannan ya tura babur ɗinsa har bakin titi kafin ya tayar.

Tana nan a rumfar har yanzu. Murhu ɗaya take hurawa, ya ishi waɗanda suka rage.