Abin da Marta Ta Faɗa a Bayan Katanga

Ranar Talata ce. Na tashi kamar kullum, na hura wuta, na ɗora kaskon kisra, wainar dawar da muke ci. Hillarmu, wato ƙauyenmu, tana bakin kogin Bahar, kudu da Abu Hujar. Tun da aka kawo ni gidan Malam Sale ban taɓa kwana wani wuri ba, sai haihuwar da ta kai ni asibiti a Sinnar. Ni ba mai yawo ba ce. Labarin duniya ta kan katanga yake iske ni.

Bayan katangar nan Marta take. Kirista ce, 'yar wajen Kurmuk. Yankan dawa ya kawo su ita da mijinta Yuhanna, shekara ashirin ke nan, suka zauna. Yuhanna ya shekara biyu a kwance, ɓarin jikinsa ya mutu. 'Yarsu ɗaya ce, Rahila. Tare da 'ya'yana ta tashi. Tana aure a Damazin, ta haihu wata huɗu, Marta ba ta ga jaririn ba.

Ƙarfe bakwai ta miƙo mini gahawa ta kan katanga, na miƙa mata kisra mai zafi. Na ce, "Uwar Rahila, wai sai jikan nan ya yi gemu za ki je?"

Ta yi dariya. Da Hausarta mai karkata ta ce, "Hajja Kulu, kullum safe ina gardama da Ubangiji. Ni in ce Damazin, Shi ya ce Yuhanna. Kullum Shi ke kayar da ni."

Ƙarfe tara da rabi na ji motoci. Ni kunne gare ni, kowa ya sani. Lorin kowane ɗan hilla na san kukansa tun yana nesa. Waɗannan ban san su ba. Suna da yawa, kuma ba su rage gudu a wajen kwalbati ba.

Ƙarfe goma harbi ya fara daga wajen kasuwa. Da fari ɗai-ɗai. Sannan ya haɗe. Jakuna suka ɗauki kuka. Na ji wata mata tana kiran suna ɗaya, tana ta kira, sai ta yi shiru.

Malam ya faɗo gida daga gona, shi da ƙanensa Isa da babban ɗanmu Haruna.

"Ku fito! Bahar! Kada wadda ta ɗauki kaya!"

Na taka turmi na leƙa katanga. Marta tana durƙushe a ƙofar ɗaki. Hannunta ɗaya yana kan jakar tafiyar da ta haɗa tun ranar sunan jikanta. Ɗayan yana riƙe da ƙafar Yuhanna.

"Marta! Taho! Jirgi!"

Ba ta dube ni ba. Idonta a rufe. Ta yi magana da Larabci, sau biyu, ba da ƙarfi ba: "Mashi'atak, ya Rab."

A Larabcinmu na kasuwa, mace in za ta tafi cewa take "mashya". Shi na ɗauka. Na diro daga turmi.

A bakin ƙofa Malam ya riƙo hannuna. "Su Yuhanna fa?"

Na ce, "Ta ce tana tafe."

Muka bi ta cikin gonar ayaba a sunkuye. Takalmina ɗaya ya maƙale a laka, na bar shi. Sha ɗaya saura muka kai bakin ruwa. Kwalekwale biyu ne, mutane kuwa sun fi su. Haruna ya ɗaga ni ya jefa ciki kamar buhu. Muna tsakiyar ruwa harsashi ya fara faɗawa gefenmu, ƙararsa kamar an ɗiga ruwa a mai mai zafi.

"Ku kwanta!"

Muka kwanta kan juna. Ban san ƙafar wa ke bakina ba.

Da azahar muna ƙetare, ƙarƙashin itatuwa. Kwalekwalen da ya kawo mu ya sake sawu uku. Kowane sawu na tsaya ina duban masu sauka. Da la'asar mai jirgin ya ɗaure shi, ya ce ba ya komawa. Hayaƙi ya tashi ta unguwarmu. Na ce wa raina Marta ta bi hanyar mota.

Kwana biyu muka yi muna tafiya a ƙasa. Rana ta uku wani lori ya ɗauke mu. Rana ta huɗu aka sauke mu a wata makaranta a Damazin.

Rana ta shida Rahila ta same mu, da goyo.

"Inna, ina Mama?"

Na ce tana tafe, da bakinta ta faɗa mini. Rahila ta ce in faɗa mata yadda ta ce. Na maimaita, har yadda ta ja numfashi a tsakiya. Ban ɓata harafi ko ɗaya ba.

Rahila ta zauna a ƙasa. Ta kwance goyon ta ɗora shi a cinya.

"Inna, ba tafiya ta ce ba. Ba ma da ke take ba. Cewa ta yi: nufinka, ya Ubangiji. Haka muke faɗa in mutum ya ajiye abin da ransa ke so."

Ba ta zarge ni ba. Har yau takan kawo mini yaron in riƙe. Malam ma ya ce Larabcin coci ne, a ina zan san shi. Amma ni na san abin da na gani daga kan turmi. Mai shirin tafiya ba ta rufe ido. Kunnen da ya iya mayar wa Rahila maganar daidai bayan kwana shida, ya ji ta daidai tun ranar. Ƙafata ce ke son gudu, sai na ji abin da nake so in ji.

Bayan wata biyu Isa ya lallaɓa ya koma. Tsofaffin da suka rage sun nuna masa wurin. A ɗakin aka sami Marta da Yuhanna, su biyu. An binne su gefen juna, bayan gonar dawa.

Mu tara muka fito daga gidanmu, mu tara muka iso. Gidan da ke bayan katanga mutum biyu ne. Gadon igiyar da Yuhanna ke kwance a kai, mutum huɗu ke ɗaukar sa. Ranar muna da maza uku, da ni.