Fuskata a Kasuwar Malanbil

Shekara biyu na yi zaune a gida bayan na gama lakwal, wato makarantar boko, a Kandi. Zamanin soja ne, lokacin da kowa ke ce wa kowa kamarad, kuma gwamnati ta bar ɗaukar ma'aikata. Baba ya kwanta da ciwon ƙafa tun shekarar da gulbi ya cinye mana gonar shinkafa ta hanyar Madekali. Inna ke riƙe da gidan da tuyar ƙosai. Kullum in na fito da safe sai in tarar da ita duƙe gaban kasko, hayaƙi na shiga idonta, ni kuwa da anka kashe wa shekaru a boko ban iya kawo ko gishiri ba.

Sai wani kamfani na Turawa ya buɗe kanti kusa da duwan, ofishin kwastan, a bakin hanyar gada. Man shafawa suke kawowa daga Kwatano, da hoda da turare da sabulu, don matan Malanbil da na Gaya ta ƙetaren gulbi. Anka manna takarda a ƙofa, ana neman ƴan mata masu Faransanci da lissafi. Na wanke zanena mai kyau, na goge shi, Inna ta ara mani ɗan kunnenta. Baba ya yi mani addu'a daga kan tabarma.

Bature ne mai kantin, da akawunsa, wani mutumin kudu mai tabarau. Da layi ya zo kaina na miƙa ambulan ɗin takarduna. Baturen bai buɗe ba. Ya ce in matso kusa da taga. Na matsa. Ya ce in miƙo hannu, in juya shi. Na juya. Sannan ya dubi akawun ya yi magana da Faransanci, sai ka ce ba ni wurin.

"Fuskar mai saida kaya ita ce talla. Wannan ta yi baƙi da yawa."

Na ce masa da Faransancin na ji abin da ya faɗi. Bai ji kunya ba, ya ɗan yi murmushi, ya ce harshena ya yi kyau ƙwarai. Akawun ya raka ni ƙofa yana kallon ƙasa. Na tambaye shi ko akwai aiki a baya, ko wankin kwalabe ne. Ya ce baya ta maza ce masu ɗaukar kwali. Bayan mako guda sai ga ƴan mata biyu bayan tebur, ruwa biyu, farare, an kawo su daga kudu. Ko gaisuwa ba su iya ba da Dandanci, harshen garin, balle Hausa.

A gida na ce an ce in dawo wata mai zuwa. Ƙarya ce ta farko da na yi wa Inna da girmana.

Abin da na yi bayan nan har yau ban son tuna shi. Na tafi can ƙarshen kasuwa inda ba a san ni ba, na sayi man da ke sa fata haske, na kamfanin nan da kansa. Mai saidawa ta ce in ina gaggawa in haɗa da wani sabulu, in bar shi ya jima a fuska. Ina gaggawa. Safe da yamma nake shafawa a bayan ɗaki. Kwana goma na farko fuskar ta fara washewa, har na tsaya gaban madubi ina murna. Sai ƙaiƙayi ya biyo, sai zafi kamar an watsa mani barkono. Ranar Malanbil kuwa ba ta wasa. Kumatuna sunka saɓule, goshi ya yi ja, gefen ido ya ƙone ya yi baƙi ƙirin. Na dinga rufe fuska da mayafi ina cewa haƙori ke ciwo.

Gwaggo ce ta tona ni, ƙanwar Baba. Tana da tebur na kayan shafa a tsakiyar kasuwa tun ban san kaina ba, kuma in mata sunka yi rigima wurinta suke zuwa. Ta zo duba Baba, ta gan ni a lungu, ta fizge mayafin. Ta daɗe tana kallona. Inna ta saki ludayi ta fashe da kuka.

"Wa ya yi miki wannan?" in ji Gwaggo.

"Ni na yi."

"Don mi?"

Na faɗi komai, har da taga da juya hannu. Gwaggo ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni ya fi. Ta ce: "Gobe ran kasuwa ce. Za ki bi ni, kuma ba mayafi a fuska."

Na roƙe ta, na kama ƙafarta. Inna ma ta ce, "Gwaggonsu, ki rufa mata asiri, ɗiya ce budurwa." Ta ce asiri ya riga ya tonu tun ranar da Bature ya juya hannun ɗiyar wanta kamar mai duba akuya.

Haka ta riƙe wuyan hannuna ta bi da ni rumfa rumfa. Ta tsaya gaban masu kayan shafa, gaban masu gishiri, gaban matan ƙauyukan Gene da Tumbutu da sunka kawo hatsi, gaban matan Gaya da sunka ƙetaro gada. Ko'ina magana guda take yi, da Hausa da Dandanci.

"Ku dube ta. Ta yi boko, sun ce ta yi baƙi. Ta shafa mansu, ga abin da ya yi mata. Kuɗinmu ba su yi masu baƙi ba, ɗiyanmu ne sunka yi."

Wasu mata sunka rufe baki, wasu sunka taɓa kumatunsu, don da yawa suna shafawa. Wata tsohuwa ta sa yatsa a goshina tana salati. Ni dai ƙafafuna nake kallo, ina roƙon ƙasa ta tsage. Da munka koma teburinta Gwaggo ta kwashe duk kwalaben kamfanin ta zuba a buhu ta tura ƙarƙashi. Kafin la'asar tebura da yawa sun yi haka.

Ba taro anka yi ba, don soja sun hana taro. Magana ce ta bi rijiya da gidan suna da kwalekwale. Man kaɗe ya dawo kan tebura. Mace in ta shiga kantin nan, kafin ta isa gida an san ta shiga. Kantin ya zama wayam, ƴan matan biyu na zaune suna korar ƙuda.

Jandarma sunka zo sunka tafi da Gwaggo, wai tana yi wa juyin juya hali zagon ƙasa. Kwana uku ta yi a hannunsu. Mata sunka dinga kai abinci, kowacce ta aje kwano a ƙofa ta zauna a ƙasa. Babban jandarman ya fito ya tambayi wata don mi ba ta sayen mai. Ta ce fatarta ba ta buƙata. Sai ya saki Gwaggo. Amma an ba wani wurinta a kasuwa, ta koma bakin titi cikin rana.

A wata na uku akawun ya zo gidanmu da hantsi, Inna ta tafi niƙa. Ya tsaya a zaure ya ce maigidansa ya sake shawara, zai ɗauki baƙar yarinya ƴar gari, kuma ni ya fara tunawa. Na san don a kashe maganar ne. Na san abin da Gwaggo ta sha saboda ni. Amma a lokacin ƙafar Baba ta fara wari, likita ya ce sai asibitin Paraku, kuma ba mu da halin zuwa. Ban yi shawara da kowa ba. Na ja mayafi na bi ta bayan duwan don kada a gan ni.

Baturen ya tashi tsaye ya gaishe ni, har ya ba ni kujera. Sai ya ce in buɗe fuska. Ciwon ya warke, amma ya bar tabo, wani wuri fari, wani wuri baƙi. Ya duba, ya kau da kai da sauri.

"Ayya, madmazel. Kin gane dai. Da wannan ba zai yiwu ba."

Na ce masa mansa ne ya yi. Ya ce an rubuta yadda ake shafawa a jikin kwalin. Na durƙusa, wallahi na durƙusa a gabansa, na ce ubana na kwance, ya sa ni inda ba mai ganina, in riƙa rubutu. Ya kira akawu ya ce ya ba ni ruwa in sha.

Wata yarinya ƴar Gene sunka ɗauka, baƙa, kyakkyawa, fatarta sumul. Ran da ta fara aiki mata sunka yi guɗa a kasuwa, sunka ce an ci nasara. Buhuna sunka fito daga ƙarƙashin tebura. Gwaggo ta zo gida da goro tana dariya, ta rungume ni ta ce, "Ke kinka yi wannan, ɗiyata." Na ce mata haka ne. Ban taɓa gaya mata na koma ba, har ta rasu.

Baba bai ga Paraku ba, a gida ya rasu. Bayan sadakar arba'in wata maƙwabciya ta kai ni rumfar albasa, inda mata ke zama a ƙasa suna ware ruɓaɓɓa daga masu kyau kafin a ɗinke buhu a ɗora wa motocin kudu. Mai rumfar ya tambaya ko na taɓa yi. Na ce a'a. Ya nuna mani tsibi guda ya ce in fara da wannan, in kula da hannuna don wasu na da tsutsa.