Malamin Lesin a Bakin Gadon Asibiti

Ina jinyar ƙanwata a asibiti, kullum da la'asar sai wani mutum ya shigo. Dogo ne siriri, wuyan rigarsa ya koɗe, takalminsa ya cinye ta gefe guda. Ina zaton a ƙafa yake zaga gidajen mutane yana koyar da 'ya'yansu.

Yana zama a bakin gadon wata yarinya da ta rame har idanunta sun faɗa, ya ɗora mata littafin lissafi a cinya. Hannunta na dama yana ɗaure da robar ƙarin ruwa, don haka shi ke riƙe fensir, ita tana faɗa.

Yau ta kuskure amsa. Bai kawar da kai don tausayi ba.

"A'a, sake dubawa," in ji shi.

Uwar yarinyar ta ja shi gefe. "Malam, ka huta haka nan. Likita ya ce ba za ta kai jarrabawar ba."

"Na sani, Hajiya. Amma duk mai shigowa nan ban kwana yake zuwa yi mata. Bari a samu mutum ɗaya da ke jiran ta gobe."

Ya koma ya zauna. Yarinyar tana cije leɓe, tana ƙirgawa da yatsun hagu.