Hoton Rut daga Tsallaken Titi

Istifanus mai fenti ya zo Gusau yana saurayi, da buroshi uku a aljihu da kyakkyawan rubutun da ya koya a makarantar mishan. Tun zamanin da manyan motoci ke kwasar auduga da gyaɗa yake rubuta allunan shaguna, har daga Tsafe da Bungudu ana aiko masa. Al'adarsa, in ya ɗan shafa fenti sai ya tsallaka titi ya duba, don a cewarsa allo na mai wucewa ne.

Da matarsa Rut ta rasu, aka duba ba ta da hoto sai na katin zaɓe, shi kuwa ya ce bai san wannan matar ba. Ya samo katako ya fara zana ta. Lokacin yanar ido ta ci ƙarfinsa, hannu kuma na rawa, don haka bai ja layi ko ɗaya ba. Ɗigo-ɗigo ya yi ta ɗorawa: ruwan ƙasa a kumatu, shuɗi a ƙarƙashin ido, ɗan rawaya a goshi, inda hasken la'asar ke sauka in ta tsaya ƙofar shago tana jiransa.

'Yarsa Monica ta zo daga Kaduna don ta tafi da shi wurinta. Ta kai fuska dab da katakon, ba hanci ba baki, sai dabbare-dabbare. Ta ce mota ta cika, a bar katakon. Tsohon bai yi musu ba. Shi kansa bai san ko ya kamo ta ba, don yanzu in ya tsallaka titi dishi-dishi kawai yake gani. Aka jingine katakon jikin bangon shago daga waje.

Direba ya juya mota ya koma tsallaken titi. Monica ta waiga ta ga ko an kulle ƙofa, sai ga uwarta tsaye, kai a karkace, ido a ƙanƙance saboda rana. Ta ce direba ya tsaya.

Istifanus ya ce, "Ta fito?"

"Ta fito, Baba."

"Murmushi take yi?"

Monica ta daɗe tana kallo. "A'a. Kamar ta gaji da jira."

Ya gyaɗa kai, ya ce to ita ce. Aka sauke buhun dawa guda, aka shigo da katakon. Ya ɗora shi bisa cinya, yatsunsa na bin tudun fentin har suka wuce Tsafe.