Tokar Malika da Jar Kazata

Da an idar da sallar asuba za ka ga Malika da bokitinta, tana bin masu waina na Zongo tana karɓar tokar jiya. Ta tankaɗe, ta gauraya da busasshen yashi, sai shiga gidaje. Shekara ashirin da shida ke nan, duk kazar da ƙwarƙwata ta addaba a unguwar nan ta san hannunta. Yanzu gwiwa ta ce a huta. To, ba za ta zauna ba sai na rangaɗa mata guɗa!

Bara jar kazata, ita kaɗai ta rage cikin kajin marigayi maigidana, ta fara gudun ƙwai goma sha ɗayan da take kwanci a kai, sai susa, sai rama. Maƙwabta suka ce baki ne. Hajiya Safwana ta ce in shafa mata kananzir, wai haka kakanni ke yi. Ni da na koyar shekara talatin a lekol, wato makarantar boko, na ce kakannin wa? Yaushe ma kananzir ya zo?

Malika ta shigo ta tarar na riƙe kazar ta ƙafa, kai ƙasa.

"Haba Yaya! Ko ɓarawon kasuwa ba a yi masa wannan riƙo."

Ta karɓe ta, ta kwantar da fikafikan, ta rungume. Ta buɗa gashin gindin wutsiya. Ga ƙwarƙwata nan dam!

Na ce, "To, yi mata magani."

"Ita kaɗai? Akurkin fa? Kya yi wanka ki mai da zanen dauɗa?"

Ta ɗaure hanci da kallabi, ta ƙone tsohuwar shimfiɗa, ta wanke akurki da tafasasshen ruwa, ta mai da ƙwan kan sabuwa. Ta cika wata tsohuwar taya da tokarta, ta saki kazar a ciki. Ku zo ku ga birgima! Kafin la'asar kaza ta koma kwanci. Ni kuwa Malika ta hana ni taɓa ko goro sai da na wanke hannu da sabulu. Bayan mako ta dawo ta maimaita aikin, domin ƙwarƙwata ma, in ji ta, tana da nata ƙwan.

Tara suka ƙyanƙyashe. Tara!

Malika, ke ce likitar da ba ta da farar riga. Ke ce kika duba gindin wutsiya lokacin da muke zargin bakin mutane. Mun gode, Allah ya sassauta gwiwa.

Matan Zongo, bokitin nan yana neman hannu. Ku yi sauri, don jiya na hangi Hajiya Safwana wajen mai waina da nata bokitin.