Gorar da Inna ta wanke

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta taɓa buɗe baki ta roƙe ni wani abu ba. Ko da ta zo Greensboro, can ƙasar waje inda nake aure, taya ni jego, in tana son abu sai ta gaya wa jaririyar. Wata rana tana yi mata wanka na ji tana cewa, "Ke kam kin yi sa'a, an haife ki a ƙasar da aka ce akwai ruwan da ba a ganin ƙarshensa." Nan na gane saƙon nawa ne. Inna, wadda babban ruwan da ta sani shi ne dam ɗin Tiga, teku take son gani.

Matsalar ita ce ba ta cin abincin kanti, ba ta shiga banɗakin da babu buta. Sai maigidana ya kawo dabara. Wani abokin aikinsa mai kiwon dawaki a Summerfield yana da tirela, irin ƙaramin ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, da gado da murhu da banɗaki a ciki. Ya ce zai ara mana. Da Inna ta gan ta a ƙofar gida sai ta riƙe haɓa. "Wannan ce tirelar? Mu tamu tirelar siminti take ɗauka."

Motarmu mai lantarki ce, kuma maigida yana ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya. Na tambaye shi ko za ta iya ja. Ya ce ja kai, har da gudu. Bai yi ƙarya ba, ta ja. Abin da ba mu sani ba shi ne yadda jan ke shan batir. Muna barin titin Gate City Boulevard muka hau babban titi, lambar da ke nuna sauran tafiyar da caji zai kai mu ta fara zubewa. Kafin mu yi nisan kirki rabi ya tafi.

Wurin caji kuwa ba a yi shi don mai tirela ba. Dole ka nemi fili ka kwance ta, ka kai motar ka jona, ka jira, ka dawo ka yi ta baya-baya har ƙugiyar ta hau daidai. Ga zafin Yuli mai ɗanɗano, ga jaririya na tsala kuka. A tsayawa ta biyu na'ura ɗaya ta lalace, sauran kuma da layi. Ni kuwa Allah bai ba ni haƙuri da yawa ba. Na sauke wa maigida kwandon masifa, da Turanci wai don kada Inna ta ji. Kai, wauta! Faɗa ai ba ya neman tafinta.

Inna tana zaune a ƙofar tirelar tana jijjiga jaririyar. Ba ta kalle ni ba, da yarinyar ta yi maganar. "Gaya musu mu koma gida. Ƙafafuna sun kumbura. Ruwa ai ruwa ne, na gan shi a talabijin."

Na ce, "Inna, kin tabbata?"

Ta ce, "Na tabbata."

Muka juya. Wallahi har wani sanyi na ji a raina. Na daɗe a ƙasar da in mutum ya ce a'a ake ɗauka a'a yake nufi, har na manta da kara. A gidanmu baƙo ba ya karɓar tayin farko, sai an nace, ya ƙi, an sake nacewa. Inna ta ga surukinta yana gumi, ta ga 'yarta na zubar da mutunci a bainar jama'a saboda ita, sai ta yi mana kara. Abin da ya rage nawa shi ne in ce mata ko da rarrafe sai mun isa. Maigida ma surukuta ta ɗaure masa baki, ba zai yi musu da ita ba.

Na ce a raina za mu koma da motar fetur kafin ta tafi. Hutun haihuwata ya ƙare, aiki ya taso, bizarta ta cika, muka raka ta filin jirgi.

Bayan tafiyarta mai tirelar ya aiko maigida da wani ƙunshi da ya tsinta a ƙasan gado. Ɗankwalin Inna ne, a ciki kuma gorar roba ce, an wanke ta tas, an ɓare takardar jikinta, babu komai a ciki. Na kira ƙanwata a Kano, don ita ce Inna ke hira da ita ba kunya. Ta ce ai tun kafin Inna ta taso ta yi wa matan layinsu alkawarin tsarabar ruwan teku. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka mai isata.

Da shekara ta zagayo mun je tekun, ba tirela, tafiyar rabin yini kacal. Na cika gorar na ba wani mai zuwa gida. Amma a lokacin ciwon ido ya riga ya ci ƙarfin Inna, ko hotunan da na tura ba ta iya gani, likita kuma ya ce ganin ba zai dawo ba.

Ta kira ni ranar da gorar ta isa. Ta ce ta ɗanɗana, gishiri ya yi yawa, wanda ya yi miyar nan bai iya girki ba. Muka yi dariya. A karo na farko a rayuwata ta tambaye ni abu kai tsaye, ba ta bakin kowa ba.

"Ke, da gaske ba a ganin ƙarshensa?"